Karen da aka ɗaure da yunwa

Jama'a, akwai wata ɗabi'a a sababbin unguwannin biranenmu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: mutum ya sayi kwikwiyo da tsada, ya ɗaure shi da sarƙa cikin rana, ba abinci sai ƙanzo, wai don ya yi zafi ya iya gadi. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma irin wannan kare ba ya bambanta ɓarawo da almajirin da ya leƙo bara. Ku je ku ga mafarauta ranar fita daji da rani. Kowane kare da sunansa, fito ɗaya ubangidansa zai yi ya juyo a guje, domin tun yana ƙarami a hannunsa yake ci, cikin manyan karnuka ya koyi bin sawu, in ya kama zomo a jefa masa kayan ciki nan take. Malaman fiƙihu ma da suka yi bayanin aya ta 4 a Suratul Ma'ida, horarren kare a wurinsu shi ne wanda in an tura shi zai tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ga kuma ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum sai dai wani ikon Allah. Wanda ba zai iya ciyar da kare, ya kai shi allurar riga-kafi wurin likitan dabbobi ba, don Allah ya ɗauki maigadi.