Kafin a jefa lasifikar makaranta cikin sito

A wata makarantar da na koyar a nan Damargu, iyaye sun yi karo-karo bayan kaka, wani da kuɗi, wani da tiyar hatsi, aka sayo na'urar ƙara sauti da makirfo daga Damagaram saboda taron iyaye da ranar raba sakamako. Ba ta yi wata huɗu ba ta fara kakari, daga nan ta yi gum. Aka ce ta ƙone, aka tura ta sito. Sai da shekara ta zagayo wani mai gyaran rediyo ya kwance ta. Ashe ba abin da ya ƙone. Wata 'yar farar roba ce mai haƙora huɗu, wadda ke haɗa wayoyin maɓallin ƙara murya da farantin cikin na'urar, ta zame daga mazauninta.

Ra'ayina shi ne, duk kwamitin makarantar da zai kashe kuɗin iyaye a kan irin wannan na'ura ya kamata ya san wannan ɗan mahaɗi. A garuruwa irin su Falanko mai gyara ba kusa yake ba. Na'urar kuma a bayan babur take zuwa, tana shan girgiza, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40.

In za a sauya mahaɗi, abu uku ake dubawa. Na farko, yawan haƙora da tazarar da ke tsakaninsu. Cikin na kamfanin JST na Japan, waɗanda aka fi gani a ƙananan na'urori, samfurin PH tazararsa milimita 2 ce, XH kuwa milimita 2.5. Ido na ganin su kamar ɗaya, amma wannan ba ya shiga gidan wancan, in aka matsa sai haƙori ya lanƙwashe. Shi ya sa ake tafiya kasuwa da tsohon a aljihu. Na biyu, a zaɓi mai kama mazauninsa gam, wanda ba ya shiga sai ta fuska ɗaya, don kada a juya wayoyi. Na uku, ƙarfin wuta. XH amfiya 3 yake ɗauka, alhali na'ura mai cin wat 60 a batir mai volt 12 tana jan amfiya 5. Ke nan waɗannan ƙanana na wayar sauti ne, wayar batir tana son mahaɗi mai kauri, in ba haka ba robar ta narke.

Wani zai ce a murɗe wayoyin kawai a naɗe da salatif. Yana yi, na ɗan lokaci. Zafi na sakin salatif, waya ta taɓa 'yar'uwarta, sai a yi ƙonewar gaske. Araha ba ta ado.

Malamai 'yan'uwana, mu roƙi mai sayarwa ya buɗe na'ura a gabanmu, mu sayo mahaɗi biyu ko uku na ajiya. Ranar gyara kuma, bayan an cire batir da wuta, mu tara manyan ɗalibai su gani da idonsu. Iyaye, kafin ku yarda da sabon karo-karo, ku tambaya ko an taɓa kwance tsohuwar.