RA'AYINMU: FULOTIN DA BA SHI DA ƘASA

'Yan'uwa ɗalibai, a 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta shigo cikin hirar ɗakunan kwananmu, watau saye da sayar da sunayen adireshin intanet. Masu tallarta, waɗanda galibi ta wayar hannu suke riskar mu, dabara ɗaya suke yi wa Bakano. Sai su ce masa ya dubi Nassarawa GRA, ya tuna da waɗanda suka sami fuloti can tun ana ganin wurin bayan gari ne, ya ga irin dukiyar da jikokinsu suke zaune a kai yau. Sa'an nan su ce intanet ita ce Nassarawar gobe, suna shi ne fuloti, wanda kuwa ya riga kama wuri shi ne zai yi dariya. Tun da yake maganar ta fara taɓa kuɗin makaranta da na abincin wasu daga cikinmu, wajibi ne wannan mujalla ta auna wannan misali, ta ga ko yana da nauyin da ake ba shi.

Da farko ya kamata mu san abin da ake ciniki a kansa. Kowace kwamfuta da ke riƙe da shafi tana da lambarta, amma da yake haddace lambobi yana da wuya, sai aka ƙirƙiro sunaye waɗanda ke kai mutum ga lambar, kamar yadda buk.edu.ng ke kai shi Jami'ar Bayero. Kowane suna yana da wutsiya, kamar .com ko .org, kowace ƙasa kuma tana da tata: .ng ta Nijeriya, .ne ta Nijar, .gh ta Gana. Mutum biyu ba su riƙe suna ɗaya a ƙarƙashin wutsiya ɗaya, wanda ya riga rajista shi ke da shi. Sunan farko da aka yi wa rajista a .com shi ne symbolics.com, ran 15 ga Maris, 1985, kuma har zuwa 1995 kyauta ake ba da sunaye. Daga lokacin da aka sa kuɗi, kamfanoni kuma suka farga da darajar abin, sai 'yan baranda suka shigo, suna kama sunaye domin su sayar wa mabukata.

Ba mu musun cewa an yi kuɗi a wannan kasuwa. A 1999 an sayar da business.com a kan dala miliyan 7.5. A 2010 kamfanin Facebook ya biya wata ƙungiyar manoma ta Amurka dala miliyan 8.5 domin haruffa biyu tak, watau fb.com. A 2019 kuwa voice.com ya kai dala miliyan 30. Waɗannan labarai gaskiya ne, su ne kuma ake ta maimaita mana. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk sunayen nan gajeru ne, na Ingilishi ne, an kuma kama su tun yawancinmu ba a haife mu ba. Sunayen da ke ƙarƙashin .com kaɗai sun haura miliyan 150, saboda haka ɗalibin da ya shigo yau, abin da 'yan kasuwar duniya suka tsallake shekara da shekaru shi zai tsinta.

To, mu koma ga Nassarawa, tun da ita aka kafa mana hujja. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka yi mazauninsu a wajen ganuwa. A Nassarawa ne Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909, a nan kuma aka keɓe unguwar da ma'aikatan mulkin mallaka za su zauna nesa da talakawan birni. Da aka sami mulkin kai a 1960, aka kuma ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sai manyan ma'aikata da attajirai suka gaji wurin. Abin da ya sa fuloti a Titin Sultan ko Lamido Crescent yake da tsada a bayyane yake: yana kusa da Gidan Gwamnati da asibiti da bankuna, yana da titi da inuwa, sa'an nan ƙasar ba ta ƙaruwa alhali mutanen Kano kullum ƙaruwa suke yi. Ba wanda ya isa ya ƙera wata Nassarawa ta biyu ya dasa ta a wurin ta farko.

A intanet kuwa ana ƙera sababbin unguwanni da alƙalami. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998 domin kula da tsarin sunaye, ta buɗe ƙofa a 2012, daga nan aka sami sababbin wutsiyoyi fiye da 1,200, har da .africa wadda ta fara aiki a 2017. Ɗan kasuwar da ka tare wa suna a .com yana iya komawa .ng ko .com.ng, ko ya ƙara kalma ɗaya a sunansa, ko ma ya wadatu da shafinsa na Facebook da lambarsa ta WhatsApp, kamar yadda da yawa daga 'yan Kantin Kwari suke yi. Kai kuwa ka zauna da kayanka kana jiran mai saye wanda ba ya da dalilin zuwa.

Bambanci na biyu ya fi wannan nauyi. Ko a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa filayen jiha a hannun gwamna, mai fuloti yana samun takardar da ke ba shi shekara 99. Yana iya gini, ya sa 'yan haya, ya jinginar da takardar a banki, ya bar wa 'ya'yansa. Sunan intanet kuwa haya ce kawai, daga shekara 1 zuwa 10, kuma ran da ka kasa sabuntawa, agogo ya fara bugawa. A .com akan yi maka jinkirin da bai wuce kwana 45 ba, sa'an nan kwana 30 na fansa da tara mai tsada, bayan kwana 5 kuma a saki sunan ga duk wanda ya riga. Duk abin da ka biya a shekarun baya ya tafi ke nan, ba ko tubali ɗaya da za ka nuna.

Bari mu yi lissafi, domin ɗalibin jami'a bai kamata ya ji tsoron alƙaluma ba. A Satumba 2024 kamfanin Verisign, mai riƙe da rajistar .com, ya fara karɓar dala 10.26 a kan kowane suna a shekara, kafin dillalin rajista ya ɗora tasa ribar. Wanda ya tara sunaye 100, kamar yadda masu koyar da sana'ar suke ba da shawara a tara da yawa, zai biya aƙalla dala 1,026 kowace shekara. A 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, wannan ya zarce naira miliyan ɗaya da rabi, watau kusan albashin wata 22 na ma'aikacin da ke kan mafi ƙanƙancin albashi na naira 70,000. Mu tuna kuma a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 ne a farashin hukuma. Wanda ya shiga kasuwar a lokacin, hayarsa ta ninka fiye da sau uku ba tare da ya ƙara suna ko ɗaya ba. In kuma Allah ya kawo mai saye, kasuwannin da ke haɗa cinikin, irin su Sedo da Afternic, za su cire la'adarsu, wadda takan kama daga kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari.

Wa ke nan yake da tabbacin riba? Mai unguwa. Kuɗin shigar Verisign a 2023 ya kusa dala biliyan ɗaya da rabi. Tsibirin Tubalu, mai mutane wajen 11,000, ya daɗe yana cin gajiyar wutsiyarsa ta .tv. Tsibirin Angwila ya sami kimanin dala miliyan 32 a 2023 daga .ai, domin haruffan sun yi daidai da taƙaitaccen sunan ƙirƙirarriyar basira a Ingilishi. Ko sunanka ya sayu ko bai sayu ba, mai rajista ya karɓi nasa. Saboda haka ɗalibin da ya canza kuɗin da mahaifinsa ya sayar da buhun gero ya aiko masa zuwa dala, ya tura Amurka domin hayar sunan da ba ya amfani da shi, bai zama ɗan jari-hujja ba, ya dai zama abincinsu.

Har ila yau akwai tarkuna biyu da ya wajaba mu ja kunnen juna a kansu. Na farko na 'yan damfara ne. Sai a aiko maka da wasiƙa a ce ana son sunanka a kan dubban daloli, amma sai ka fara biyan wani wuri da za su nuna maka domin a yi wa sunan kima. Kana biya, mai saye ya ɓace. Al'ummar da ta ga yadda MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, ta kuma ga rushewar CBEX a Afrilu 2025, bai kamata a sake yi mata cinikin biri a sama ba. Tarko na biyu na shari'a ne. Wasu suna ba da shawara a kama sunan wani sanannen kamfani ko attajiri domin a tilasta masa ya fansa. Tun 1999 ICANN take da ƙa'idar sasanta rikici wadda ke ƙwace suna daga hannun wanda ya kwaikwayi tambarin wani, ba shi da haƙƙi a kansa, ya kuma yi da mugun nufi. Nan gida kuwa Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, a sashe na 25, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 5, ko duka biyun. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kada a ɗauka muna ƙyamar ciniki. Kano garin fatauci ne tun zamanin da aka kafa Kasuwar Kurmi, dillanci kuma sana'a ce ta mutunci a wurinmu. Mutumin da yake da rarar kuɗi, ya san kasuwar, ya kuma iya jure hasarar shekaru, yana da 'yancin gwada sa'arsa da kalmomin da ba na kowa ba. Amma dillalin ƙwarai yana haɗa mai kaya da mai bukata ne, ya karɓi la'adarsa. Wanda ya zagaye fili da katanga ya bar shi ciyawa na cinye shi, yana jiran farashi ya hau, alhali magidanta na neman ɗakin haya, mun san sunan da jama'a ke kiran sa da shi. Mu da muke sukar wannan hali a kan dandamali, ba ya kyautuwa mu koma ɗaki mu yi irinsa a kwamfuta.

Abin da ya fi damun mu ma shi ne namu sunayen. An ba Nijeriya wutsiyar .ng a 1995, ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ita ke kula da ita, da naira kuma ake biyan kuɗinta. Duk da haka, har zuwa 2024 sunayen da ke ƙarƙashinta ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, alhali na Afirka ta Kudu sun haura miliyan ɗaya. Ga kuma matsalar da ta shafi harshenmu kai tsaye. An gina tsarin ne tun asali a kan haruffa 26 na Ingilishi da alƙaluma 10 da karan ɗori, don haka a adireshin da jama'a suka saba bugawa, kasa da ƙasa ɗaki ɗaya suke rabawa, haka ma bari da ɓari. Kyawawan kalmomin Hausa gajeru ba su da yawa a wannan tsari. In 'yan baranda, na gida ko na waje, suka kame su, to, marinin Ƙofar Mata da dukawan Ƙofar Wambai da 'yan hatsin Dawanau za su wayi gari suna fansar sunan sana'ar kakanninsu. Hausawa sun ce suna linzami ne, bai kuwa dace linzaminmu ya kasance a hannun wanda bai san dokin ba.

Bisa ga haka muna kira kamar haka. Na ɗaya, kada ɗalibi ya sa kuɗin rajista, ko na abinci, ko bashi, a cikin tara sunaye. Na biyu, Majalisar Zartaswa ta wannan ƙungiya da sauran ƙungiyoyin ɗalibai su tabbata sun yi wa sunayensu rajista a ƙarƙashin .org.ng, da sunan ƙungiya, ba da sunan wani sakatare wanda zai gama karatu ya tafi da mabuɗi ba, a kuma sa kuɗin sabuntawa cikin kasafin kowace shekara da takardar miƙa mulki. Na uku, 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta su fita kasuwanni, su yi wa 'yan kasuwa da makarantu da ƙungiyoyin unguwa rajistar sunayensu, su gina musu shafi, su karɓi ladan aikinsu. Wannan ita ce sana'ar da ke da tabbas a cikin lamarin, domin ana biyan ta a kan gumi da ilmi. Na huɗu, muna roƙon NiRA ta yawaita wayar da kan jama'a cikin Hausa, ta kuma zauna da malamanmu na harshe a kan batun ɓ da ɗ da ƙ da ƴ.

Wanda ya sami fuloti a Nassarawa ya gina, ya bar wa zuriyarsa gida. Wanda ya kama suna ya ajiye, ya bar wa kansa bashin da ke dawowa kowace shekara da dala. Iyayenmu da talakawan da harajinsu ke riƙe da wannan jami'a sun aiko mu ne mu koyi gini, kuma da abin da muka gina za su auna mu. Allah ya sa mu dace.