A Zaunar Da Masu Sana'a A Gidan Makama

Malam Edita,

Gidan Makama na Kano, wanda aka gina tun ƙarni na 15, yana ɗauke da hotuna, kayan yaƙi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, amma ɗalibin da aka kai ziyara kallo kawai yake yi ya fita. Ina roƙon hukuma ta zaunar da masaƙa, dukawa da maƙera a harabarsa, su riƙa aiki a gaban baƙi. Yaron da ya ga ƙoshiya tana ratsa zare, ya taɓa sawaye da hannunsa, zai fi wanda ya karanta rubutun bango fahimtar abin da ya jawo fatake Kasuwar Kurmi. An gwada wannan a Yamai: gidan tarihi na Boubou Hama, da aka buɗe a 1959, yana da masu sana'a da ke aiki suna sayarwa a cikinsa.

Wasu za su ce ai marinar Ƙofar Mata tana nan. Haka ne, amma marini abincinsa yake nema, ba shi da sukunin yi wa aji guda bayani. Masu tsoron gobara a tsohon ginin ƙasa mai azara suna da hujja babba, don haka sai a kafa maƙerar a fili, nesa da soraye. Batun kuɗi kuwa, cinikin da masu sana'ar za su yi da baƙi zai rage wa hukuma nauyin albashi.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano