Tekun Arlit yana ƙarƙashin ƙasa

A manyan biranen da ke bakin teku, hukumomi sun daɗe da gane cewa ruwan sama ba ya tafiya shi kaɗai. Idan ya sauka bisa kwano da kwalta, sai ya kwashi baƙin man gareji, da jinin mahauta, da ƙazantar masai, da leda, ya kai su teku. Dalili ke nan da ya sa Amurka ta gyara dokarta ta tsabtar ruwa a 1987, ta sa ido kan ruwan da ke malala cikin birane, ta kuma buɗe asusun da garuruwa ke samun rance mai sauƙi daga cikinsa. A Dakar ma, Faransa da Holan da Tarayyar Turai sun zuba kuɗi domin tsabtace gaɓar Hann, wadda dattin gari da na masana'antu suka ɓata wa masunta.

Mutumin Arlit da ya ji wannan labari yana iya cewa ba da shi ake ba, tun da garinsa ba shi da teku, kuma ruwan da ke sauka a shekara bai kai milimita 100 ba. Amma Arlit da Akokan suna da nasu teku, sai dai yana ƙarƙashin ƙafafunsu. Taskar ruwan Tarat, mai zurfin kusan mita 150, da sauran taskokin da ke kusa da ita, su ne rijiyar gari, su ne tulun ƴan garuwa, su ne ran garake da dabbobin makiyaya. Ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, zamanin da Sahara take da dausayi, kuma daminar yanzu ba ta mayar da abin da aka ɗiba. Teku na gaske yana da faɗin da zai tsarma datti, yana da igiyar da za ta tafi da shi. Wannan kuwa, abin da ya shige shi ya zauna ke nan.

Ƙarancin ruwan sama bai hana shi ɓarna ba. A ƙasar Ayar, ruwan shekara yana iya zuba cikin dare ɗaya bisa duwatsu da ƙasa mai tauri wadda ba ta shan ruwa da sauri, ya taru cikin ƙoramu, ya gangaro da ƙarfi. Mutanen Agadas ba su manta da farkon watan Satumba na 2009 ba, lokacin da ƙoramar Telwa ta fasa madatsa cikin dare, ta rushe dubban gidaje. A daminar 2024, wadda ta halaka kusan mutum 400 a faɗin Nijar, ta kuma shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, tsohon birnin Agadas da gine-ginensa na laka bai tsira ba. Abin da ya sauka a Agadas, babu abin da zai hana shi sauka kilomita 240 arewa da ita.

Bambancin Arlit da sauran garuruwa shi ne abin da ruwan zai tarar a ƙasa. Kamfanin Somair, wanda aka kafa a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. Cominak ya bi baya a Akokan a 1978. Cikin kowace tan ta dutsen da aka haƙo, yuraniyom ɗin bai wuce ƴan kilo kaɗan ba. Sauran, bayan an niƙa an jiƙa da ruwan asid, shi ne dusar da ake tarawa a fili. Dusar nan ba ta mutu ba: tana riƙe da mafi yawan tururin nan mai cutarwa wanda ido ba ya gani, kuma cikin sinadaran da ke cikinta akwai wanda sai ya shekara 1.600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, akwai mai neman shekara 75.000. Lokacin da Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya fitar da tan kusan 75.000 na yuraniyom, ya bar tsaunin dusa na tan miliyan 20 bisa fili mai hekta 120.

Ba yau aka fara nuna damuwa ba. A ƙarshen 2003, masana na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun zo Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'man ta Almustafa Alhasan, suka auna ruwa da ƙasa da ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a wuri biyar, ta ce huɗu daga ciki sun zarce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha. Kamfanin Areva na lokacin ya ƙi yarda da yadda aka fassara sakamakon. A Disamban 2010 kuma, bangon tafkunan ajiyar gurɓataccen ruwa na Somair ya fashe, ruwan ya malala a fili. Wannan ya faru ne cikin rani. Mai hankali sai ya tambayi kansa: da a tsakiyar ruwan Agusta ne fa?

A nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma aljihu uku ne ya kamata jama'a su sani.

Na farko shi ne na gyaran wurin Cominak. An sanar da miliyar 95 na sefa domin aikin da aka ce zai ɗauki kimanin shekara goma, wanda babban sashensa shi ne rufe tsaunin dusa da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu, don kada iska ta kwashe ta, kada ruwan sama ya ratsa ta. Dabara ce mai kyau, amma rufi irin wannan kamar rufin soro yake: idan ba a yi masa indararo ba, ba a kuma duba shi bayan kowace damina, ruwa zai yi masa zaizaya har ya buɗe. Shekara goma na aiki da ƴan shekarun sa ido ba su kai ko ƙwayar gero ba a gaban shekara dubbai. Tun da dangantaka ta ɓaci tsakanin Nijar da kamfanin Orano, har gwamnati ta mayar da Somair mallakar ƙasa a watan Yunin 2025, tambayar wa zai biya ta ƙara nauyi. Wanda ya karɓi ma'adini ya karɓi dusarsa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ma wanda ya kwashi amfanin shekara hamsin, fitarsa daga gari ba ta sauke masa bashin da ya bari ba. Duk yadda shari'ar ɓangarorin biyu ta ƙare, bai kamata a rufe lissafi ba tare da an rubuta kuɗin kula da ruwa a ciki ba.

Na biyu shi ne kaso 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai da dokar 2006 ta ware wa garuruwan jahar da ake haƙa a cikinta. An sha jin kukan hukumomin gari cewa kuɗin ba ya isowa kan lokaci. Idan ya iso kuma, ginin da ake yanke wa ƙyalle a gaban baƙi ya fi samun masoya bisa magudanar ruwa da ba mai ɗaukar hotonta. Ma'aikacin da ke tsara kasafin gari shi ya fi kowa sanin cewa layi ɗaya na dindindin, ko da ƙarami ne, ya fi alkawarin miliyoyi.

Na uku shi ne tallafin waje. Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 a 2013 domin rigakafin bala'o'i da gyaran birane a Nijar, sa'an nan a 2022 ya ƙara miliyan 250 cikin shirin PIDUREM, wanda birnin Agadas ke cikin masu cin gajiyarsa. Kuɗi ne masu amfani, sai dai suna da hali biyu. Suna iya tsayawa idan siyasa ta juya, kamar yadda aka gani bayan Yulin 2023 kafin a koma biya a 2024. Kuma suna gina magudana ne, ba sa yashe ta. A garin da iska ke tara rairayi wata tara cikin shekara, magudanar da ba a yashe ba kafin damina ramin shara ce kawai.

Abin da ake bukata ba ya fi ƙarfin ƙasa. A san hanyar da ruwa ke bi idan ya sauka, a karkatar da shi nesa da tsaunukan dusa da tafkunan masana'anta. A yi tafkunan da ruwan gari zai kwanta dattinsa ya zauna kafin ya nutse. A auna ruwan rijiyoyi bayan kowace damina, da hannun ɗakin bincike wanda ba na kamfani ba, a liƙa sakamakon a ƙofar ma'aikatar magajin gari inda kowa zai karanta. Garuruwan da ke jiran nasu rabo, irin su Imuraren da Dasa, su nemi a ajiye kuɗin gyara tun kafin a fasa dutse, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƴan kasuwa ma suna da nasu kaso. Baƙin man da ake zubarwa a tashar manyan motoci masu zuwa Asamaka, da sharar da ake turawa bayan rumfa, hanyarsu ɗaya da ruwan sama. Kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa darajar shago da fili tana rataye da dalilin zaman mutane. Ranar da Cominak ya rufe, ɗaruruwan ma'aikata sun rasa albashi, kasuwar Akokan ta ji a jikinta, amma gari bai tashi ba. Yuraniyom ne ya kafa Arlit, ruwa ne ke riƙe da ita. Idan rijiya ta ɓaci, babu tallafin da zai sayo wata.