Takardar da Ta Kwana Cikin Jakar Yaro

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo ƙaramin abu ne a ido, amma ya daɗe yana damun mu, wato takardun da makarantun firamare suke aiko wa iyaye ta hannun yara, da abin da yake faruwa da su bayan sun iso gida.

A ƙarshen shekarar karatu da ta wuce, wata 'yar'uwa gwauruwa ta same mu bayan an tashi sujada, riƙe da takardu uku cikin leda. Takardun sakamakon ɗanta ne na aji uku, na zango uku. Ta adana su a ƙasan akwati tare da zannuwanta na fita, gama duk sa'ad da yaron ya kawo takarda sai ya ce, "Mama, na ci." Yanzu kuwa an ce zai maimaita aji, ita kuma ba ta san dalili ba. Da muka buɗe, sai muka tarar tun zangon farko malamar ta rubuta da jan biro, cikin Turanci, cewa yaron ba ya gane abin da yake karantawa, a zo a gan ta. Ta sake rubutawa a zango na biyu. Malama ta ɗauka uwar ba ta damu ba, uwa kuma ta ɗauka kome lafiya, yaro ya yi asarar shekara guda. Mun tabbata da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da irin wannan uwa.

Muka kira yaron muka ba shi littafinsa na Turanci. Ya karanta layi biyar ba gargada sosai. Muka ce to, ya faɗa mana da Hausa abin da ya karanta. Ya sunkuyar da kai. Ya iya haɗa baƙaƙe, amma kalmomin ba su ce masa kome ba. Masu binciken koyon harshe sun gano cewa sai mai karatu ya riga ya san kalmomi 95 zuwa 98 cikin kowace 100 da ke shafi kafin ya gane abin da shafin yake faɗa ba tare da taimako ba. Yaron da rumbun kalmominsa ba kome zai yi ta motsa baki a aji, malami yana tsammani yana karatu. Wannan ba matsalar gida ɗaya ba ce. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi.

Sai mu tuna da nauyin da 'ya'yanmu suke ɗauke da shi. Da yawansu suna tashi da harsuna uku: na gida, ko Tangale ne, ko Bura, Ngas, Berom, Tyap da sauransu, sa'an nan Hausa ta kasuwa da unguwa, sa'an nan Turancin makaranta. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen da ake yi a yankinsa, a shekarun farko na firamare. A watan Nuwamba 2022, a zamanin minista Malam Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta ƙara wa'adin zuwa shekara shida. Ba a kai ga samar da isassun littattafai da malamai ba, sai ga shi a watan Nuwamba 2025 ministan ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar cewa an soke wannan tsari, Turanci ne harshen koyarwa tun daga farko. Dalilin da ya bayar shi ne yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC, NECO da JAMB.

Mu dai wannan dalili bai gamsar da mu ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara darussansu da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi guda a hannun malamin da ya ƙware. Yaran nan ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a waɗansu darussa ma sun fi su. Amma mu faɗi gaskiya, a ƙasar da take da harsuna fiye da 500, yawancin harsunanmu ba su taɓa shiga aji ba, da doka ko babu doka. Saboda haka ko ta wace hanya gwamnati ta juya, aikin cika rumbun yaro da kalmomi yana komowa gida ne.

A nan ne muke ganin kuskuren da yake yaɗuwa a cikinmu. Iyaye da yawa, saboda ƙaunar 'ya'yansu, sun hana yin harshen gida, sun ce Turanci kaɗai za a yi wa yaro. Amma wane irin Turanci? Zo nan, tafi can, ci abinci, yi shiru. Uwar da za ta iya ba da labarin awa guda da harshenta, da karin magana da ba'a da kome, ta koma tana magana da ɗanta da 'yan kalmomin umarni da ba su cika tafin hannu ba. Kaka ta zo daga ƙauye, ita da jikanta sai kallon juna. Yaro ya tashi bai sami na gida ba, na makarantar kuma bai kama shi ba.

Mun san abin da waɗansu dattawa za su ce, gama sun faɗa mana a fili: "Fasto, da Turanci ake rubuta jarrabawa, da shi ake neman aiki." Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a bar Turanci ba. Amma ku duba wannan. Yarinyar da ta bi uwarta gona, ta ga iri ya tsira, ta san saiwa, ta san toho, ta san fure da kwanso, ranar da malami ya zo darasin tsiro sabon suna kawai za ta koya wa abin da ta riga ta sani. Wadda ba ta san ko ɗaya ba, sai ta koyi abu da sunansa a lokaci guda, cikin baƙon harshe, a ajin da ya cika maƙil. Abin da yaro ya sani da harshen gida ba ya ɓacewa sa'ad da ya shiga aji. A kansa Turancin yake zama.

To, me za mu yi? Muna da roƙo uku.

Na fari, ga makarantu, mu kuwa fara da waɗanda ikkilisiyoyinmu suka kafa, domin ba za mu nuna wa wani yatsa ba alhali namu gidan yana yoyo. Kowace sanarwa ta fita da Turanci da Hausa. Inda iyaye suke da waya, saƙon murya na minti ɗaya ya fi takarda mai shafi biyu. In yaro yana da matsala, kada a mai da shi ɗan aike a kan laifin kansa. A kira uwa ko uba kai tsaye tun a zangon farko. Kowace Jumma'a malami ya rubuta wa yara kalmomi goma da za a yi amfani da su a mako mai zuwa, domin gida ya san abin da ake ciki. Taron iyaye da malamai kuma, wato PTA, a yi shi da harshen da iyaye suke ji, kada kuma ya zama sai za a ƙara kuɗi ake kiransa. Wannan ne ya sa da yawa suka daina zuwa.

Na biyu, ga dattawan ikkilisiya. Kusan kowace ikkilisiya tana da malaman makaranta, masu aiki da waɗanda suka yi ritaya, da matasan da suka gama sakandare suna zaune. Me zai hana a ajiye benci guda a gindin itace bayan sujada, inda duk mai takardar makaranta zai kawo a karanta masa, a bayyana masa, in akwai bukata a rubuta masa amsa? Ranar komawa makaranta, ranar jarrabawa da ranar taron iyaye su shiga cikin sanarwar Lahadi. Sai dai a kiyaye, sakamakon yaro asirin gidansu ne, ba abin karantawa a gaban jama'a ba ne, kuma wanda aka ba wannan aiki ya zama mai riƙe baki. Gwauruwar da take jin nauyin shiga ofishin hedimasta, a sami dattijo ko wata daga zumuntar mata ta raka ta. Maƙwabcin da ba na ikkilisiya ba ne, in ya kawo tasa takardar, a karanta masa da murna.

Na uku, ga ku iyaye, har da ku da ba ku taɓa zama a aji ba. Kada kowa ya ce ba shi da abin bayarwa. Ku buɗe jakar yaro kowace yamma, duk takardar da ba ku gane ba kada ta kwana biyu ba a karanta muku ba. Ku tambaye shi abin da ya koya yau, ya faɗa muku da harshenku. In ya kasa, kun san akwai gyara. Sa'an nan ku yi magana da shi a kan aikin da ke hannunku. Daga zangarniya zuwa tuwo kaɗai akwai sussuka, sheƙa, surfe, bakace, niƙa da tankaɗe, ga turmi da taɓarya, faifai, rariya, muciya da maburgi. Uba a gona yana da huɗa, firi da maimai, fartanya, garma da lauje. Bakanike, tela da mai awo a kasuwa, kowa yana da nasa. Ku kira kowane abu da sunansa, ku bar cewa "miƙo mani abin nan."

Da dare kuma, kafin kowa ya duƙufa a kan waya ko talabijin, a dawo da tatsuniya da kacici-kacici. In kun ce shanunku dubu maɗaurinsu ɗaya, ku bar yaro ya yi ta laluba har ya kai ga tsintsiya. In an gama labarin Gizo, ku tambaye shi me ya sa Gizo ya yi haka, shi da me zai yi. A 2018 waɗansu masana a Amurka, daga jami'o'in MIT da Harvard, sun naɗi hirar gida ta yara masu shekara 4 zuwa 6, suka tarar cewa yawan musayar magana tsakanin yaro da babba, wato a ce masa ya amsa, ya fi yawan kalmomin da yake ji kawai dangantaka da ƙwarewarsa a harshe. A al'adarmu mun saba cewa yaro ba ya sa baki in manya suna magana. Ladabi yana da kyau, amma a keɓe masa lokacin da za a saurare shi. Inda akwai wa ko ya da ta iya karatu, ta karanta wa ƙanne da ƙarfi, ko littafin makaranta ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, a tsaya a kan kowace baƙuwar kalma a bayyana ta. Da yayyafi kogi kan cika.

Yaron nan da muka ambata yana maimaita aji uku yanzu. Shekarar da ta tafi ba za ta dawo ba. Amma uwarsa takan zo da jakarsa kowace Lahadi, ta kuma san fuskar malamarsa. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana a cikin abubuwan da za ta tattauna a zamanta na gaba, a zaɓi mutum biyu ko uku da za su riƙe bencin karatu kafin a shiga sabon zango. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu. Amin.