Zafin Nan Gargaɗi Ne: Mu Tashi Kafin Hadari Ya Riske Mu

Jama'ar Arewa, daga Sakkwato har Maiduguri, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, bazara ta kai maƙura. Tun ƙarfe tara na safe rana take fitowa da fushinta. Kwanon rufi ya gasa ɗaki har bayan Isha'i, an kwashe tabarmi an dawo tsakar gida, kowa ka tarar maganarsa ɗaya ce: Allah Ya kawo ruwa mu huta. Amin. Amma in ruwan ya sauko daren yau, tare da iskar da ya saba zuwa da ita, rufin ɗakinka zai kai safiya? Kwatar ƙofar gidanka za ta iya ɗauke shi? Tsohuwar da ke kwance a ƙuryar ɗaki ma, za ta jure kwanakin da suka rage kafin ya zo?

Wannan zafi da muke kuka da shi, da hadarin da muke jira, abu ɗaya ne. A irin wannan lokaci iska mai laima take tasowa daga teku can kudu, tana matsowa arewa sannu a hankali, sai ta tarar da ƙasarmu ta gasu. Zafin ƙasa ya cilla laimar sama, gajimare ya yi toroƙo, hadari ya haɗu ya jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ya kamo hanya daga gabas zuwa yamma. Shi ya sa iyayenmu ba sa wasa da hadarin gabas. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, iska mai sanyi ce take faɗowa daga cikinsa da ƙarfi, ta share busasshiyar ƙasa, ta taso da jar ƙura har ta rufe rana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa a irin wannan yammaci ya san yadda abin yake: gari ya yi tsit, kaji su nufi akurki, mai tebur ya hau tattara kayansa hannu na rawa, leda da yayi su turnuƙe sama, sai ka ji ƙarar kwano na farko ya ɓalle. A farkon damina iskar ta fi muni, domin sararin da ke ƙarƙashin hadarin a bushe yake, ƙasa kuma fayau, babu shuka babu ciyawar da za ta rage mata gudu.

Kuma hadarin yanzu ba irin na da ba ne. A 2017 wasu masana yanayi sun wallafa bincike a mujallar kimiyya ta Nature, bayan nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka gano cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta hakan da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. Iska kuwa duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100. Ma'ana, ruwan da a da yake sauka a hankali ƙasa ta shanye, yanzu yakan juye a sa'a biyu. Gidajenmu da kwatocinmu kuwa da lissafin damina ta da aka yi su.

Mu fara da zafin, domin shi yake kisa ba tare da an ji ƙararsa ba. A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙidaya mamata 102 a kwana huɗu na farkon watan, kusan rabinsu tsofaffi. Mu ma a nan mun yi ta sallar jana'iza a waɗannan makonni, muna cewa gajeruwar rashin lafiya ce. Da yawa cikin waɗannan rasuwa zafi ne ya ƙarasa mai hawan jini, ko mai ciwon suga, ko mai ciwon ƙoda.

Saboda haka ina kira ga kowane magidanci da kowace uwargida: ku leƙa ɗakin tsofaffinku da tsakar rana. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, kuma kunya takan hana shi yawan aike. Kada a jira Baba ya nema, a ajiye masa ruwan randa kusa da shimfiɗarsa, a fito da shi inuwa inda iska ke kaɗawa. Jaririn da bai kai wata shida ba, a ƙara masa nono akai-akai, uwar kuma ta sha ruwa sosai. In kuka ga mutum ya fara sambatu, ko jiri ya kwashe shi, jikinsa ya yi zafi rau, kada a tsaya gardamar iska ce ko jifa. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti da shi. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki. Ɗakin da mutum goma ke kwana taga a toshe kuwa, gayyatar sanƙarau ce, cutar da ta yi mana mummunar ɓarna a 1996 ta sake dawowa Zamfara da Sakkwato a 2017. In an zo rigakafi a fito da yara.

Ku kuma masu ba da aiki, ku ji tsoron Allah game da leburori. Wanda ke kwaɓa siminti, da ɗan dako, da ɗan ga-ruwa mai tura kura, jikinsu irin naku ne. A fara aiki da sassafe, a tsaya in rana ta take. Addininmu da kansa ya yi sassauci a jinkirta Azahar in zafi ya tsananta, ya kuma yarda a haɗa Magariba da Isha'i a daren ruwa. In har an sassauta a kan sallah, wane gini ne ya fi ƙarfin a dakatar da shi na sa'a uku? Malaman tsangaya, almajiri ƙarami da ke taka kwalta ba takalmi da ƙarfe biyu na rana amana ce a wuyanku, da wuyan duk wanda ya gan shi ya kau da kai.

Sai iska. Mutanen Bauchi ba su manta da watan Yunin 2018 ba, lokacin da ana tsakiyar bukukuwan ƙaramar Sallah iska ta afka wa garin da yamma, ta yaye rufin gidaje da makarantu, ta karya turakun lantarki, ta yi sanadin rayuka. Ba wata shekara da irin wannan ba ya faruwa a wani gari namu, sai dai in labarin bai kai rediyo ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin rufin da ke tashi ba ƙarfin iska kaɗai ne ya ɗauke shi ba. Hau ka duba da idonka. Za ka tarar da katakon da gara ta cinye ya zama hoto, da ƙusa ɗaya a inda ya kamata a buga uku, da kan katanga da aka ɗora katako a kai kawai ba a ɗaure shi da rodi ko waya ba. Iska in ta sami kafa a gefe guda, ta shiga ƙarƙashi, rufin gaba ɗaya take ɗagawa. Mu kuma dabararmu ita ce mu jera duwatsu da bulo da tsohuwar taya a kan kwano, alhali in rufin ya tashi su ne ke faɗowa kan yara. Kuɗin kafinta na yini ɗaya da kilo biyu na ƙusa bai kai kuɗin bandir ɗin kwano ba, balle ran mutum. Mai gidan ƙasa kuma ya yi yaɓe tun yanzu, ya gyara indararo, ya duba gindin katanga inda ruwan bara ya zaizaye. Tsohon masallacin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ruwan 2024 ya kwantar da shi. Katangar gidanka ba ta fi shi ƙwari ba.

In hadari ya taso, a kira yara su shigo. Kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, nan aradu ta fi faɗawa, kuma makiyaya da manoma su ne suka fi shan wannan masifa. Kada a raɓe a jikin tsohuwar katanga ko ƙarƙashin allon talla. Wayar lantarki da ta faɗo, ko an ɗauke wuta, kada kowa ya kusance ta.

Maganar kwata kuwa, a nan ne laifinmu ya fi fitowa fili. Leƙa lambatun unguwarku yau. Ledar fiya wata ce, da robar lemo, da tokar murhu, da yashin da mai gini ya zube ya bari, sun daskare tun kaka. Wata ma da ta ga hadari sai ta aiko yaro da kwandon shara ya juye a ciki, wai ruwa ya tafi da shi. Ruwa ba ya tafiya da shi ko'ina, gidan maƙwabci na gangare yake kai shi, ya toshe gada, ya dawo ta zaure. A cikin birnin Kano kududdufai ne suke karɓar ruwan unguwanni tun kaka da kakanni. Mun cike da yawansu da shara, an yanka filoti, an yi shaguna. Ruwan da ke zuwa yana neman mazauninsa, in bai same shi ba ɗakin wani zai shiga.

Ku tuna Mokwa. Damina ko kankama ba ta yi ba, ranar 29 ga Mayun 2025, ana saura kwanaki kaɗan babbar Sallah, ruwa ya sauka cikin dare, kafin gari ya waye ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. An tabbatar da rasuwar sama da mutum 150 a kwanakin farko, wasu da dama har yau ba a ga gawarsu ba. Mutane ne irinmu, sun kwanta da shirin kasuwar gobe. Ku tuna Maiduguri a Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ta yi irin haka a 1994. Bayan kowace irin wannan musiba sai mu ce tsautsayi ne, Allah Ya kiyaye gaba. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai ja da ita. Amma wanda ya sayar da filoti a kan hanyar ruwa, da wanda ya sa hannu a takardar, da jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai, ba za su ɓuya a bayan ƙaddara ba. Za a tambaye su.

Kada wani ya ce talaka ba shi da abin yi. Manoman Maraɗi sun nuna mana akasin haka. Tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture in suna sassabe, suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa suna yi musu aski har su girma. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakin Nijar, suna karya ƙarfin iska, suna hana rairayi binne shuka. Mu a nan muna sare darbejiyar ƙofar gida don a faɗaɗa shago, mu dawo muna kukan zafi. Wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu a ruwan nan, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Reshen da ya bushe ya rataya a kan rufi shi ne abin sarewa.

Manomi kuma kada ruwan farko ya ruɗe shi ya zuba irin da ya rage masa duka. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da inda ake tsoron tsayawarsa bayan shuka, hukumar NIHSA ma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Amfanin me hasashe zai yi in ya ƙare a ɗakin taro a Abuja? Gidajen rediyonmu su karanta shi da Hausa, gari-gari, safe da yamma, kamar yadda suke karanta sanarwar ɗaurin aure. Hakimai su sauke shi ga dagatai, dagatai ga masu unguwanni.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gayya ba baƙuwarmu ba ce. Ranka ya daɗe mai unguwa, kada ka jira Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, sa a yi shela a daren yau. Allah gafarta Malam, ware minti biyar a huɗubar Juma'ar nan ka faɗa wa mutane cewa zuba shara a kwata cutar da maƙwabci ne. Samarin majalisa, ku ajiye shayi da musun ƙwallo na safiya ɗaya, ku ɗauko shebur da baro, kuma abin da kuka yashe ku kwashe shi nesa, kada ku tara shi a bakin kwata ruwan farko ya mayar. Ku fara da gidan gwauruwa da na marayu da na tsohon da ba shi da mai hau masa rufi. Iyaye mata, ku kuka san gidan da ke da mai jego da gidan da ke da majinyaci, ku faɗa a san da su tun kafin dare ya yi. Kowace unguwa ta tsayar da wuri mai tudu, makaranta ko masallaci, da za a nufa in ruwa ya shigo, a kuma sanar da kowa har yara.

Abin da ya fi ƙarfin shebur kuma, gada da ta toshe, babbar kwata da ta rufta, ginin da aka dasa a tsakiyar magudanar ruwa, ajin makarantar da rufinsa ke lilo a kan 'ya'yanmu, ku rubuta shi a takarda, ku sa hannu ku da yawa, ku ɗauki hoto, ku kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Ku riƙe kwafi mai kwanan wata. In mako ya zagayo ba a motsa ba, ku koma, ku tafi da dattawan unguwa, ku kira gidan rediyo ku faɗi sunan titin da sunan gadar. Ku gaya musu a fili cewa katafila da leburori kuke nema a wannan makon, ba buhun shinkafa da tabarma bayan an binne mutane ba.