Littafin Da Ba Ya Kwana A Gida Ɗaya

A ƙasar Ingila akwai wata al'ada ta barin littafi a inda wani zai tsinta. Mutum ya gama karatu, sai ya ajiye shi a kan bencin tashar jirgin ƙasa ko teburin gidan shayi, ya yi gaba abinsa. A cikin 2001 wani Ba'amurke mai suna Ron Hornbaker ya yi wa abin tsari, ya kira shi BookCrossing, watau a liƙa wa littafi lamba, wanda ya tsinta kuma ya ba da labarin inda ya same shi. Wasu sukan jera sunayensu, littafi guda ya riƙa bin gidan waya daga wannan zuwa wancan har ya tsufa a hanya. A 2009 kuwa mutanen ƙauyen Westbury-sub-Mendip da ke lardin Somerset suka sayi tsohon jan ɗakin tarho na bakin titi a kan fam guda, suka kafa masa kantoci, kowa ya ɗauki littafi ya ajiye wani.

Yawancin abin da ke yawo ta wannan hanya labaran 'yan sanda ne da na soyayya, waɗanda akan karanta sau ɗaya a manta. Amma akwai littattafan da ba don an gaji da su ake bayarwa ba. Mai su yakan zaɓi wanda zai ba, ya danƙa masa hannu da hannu. Ɗaya daga cikinsu shi ne The Remains of the Day, ma'ana abin da ya saura na yini, wanda Kazuo Ishiguro ya wallafa a 1989, ya kuma ci lambar Booker a shekarar. An haifi marubucin a Nagasaki ta Japan a 1954, iyayensa suka koma Ingila da shi a 1960, daga baya ya sami lambar Nobel ta adabi a 2017.

Labarin na wani dattijo ne, Stevens, shugaban barorin wani katafaren gidan sarauta mai suna Darlington Hall. A watan Yulin 1956, bayan gidan ya koma hannun wani attajiri Ba'amurke, sai sabon maigida ya ara masa mota ƙirar Ford don ya je ya huta. Ya nufi yammacin ƙasar, ta Salisbury da Somerset har Cornwall, da niyyar ganin Miss Kenton, wadda ta taɓa zama shugabar ma'aikata mata a gidan, ta yi aure ta tafi shekara 20 da suka wuce. Ya gaya wa kansa wai ƙarancin ma'aikata ne ya sa yake nemanta. Mai karatu ba ya daɗewa kafin ya gane ba haka zancen yake ba.

A kan hanya ne tsohon tarihi yake fitowa kaɗan-kaɗan. Ubangidansa na fari, Lord Darlington, mutum ne mai karamci wanda ya tausaya wa Jamus saboda tsananin sharuɗɗan da aka ɗora mata bayan Yaƙin Duniya na Farko. Tausayin nan ne mutanen Hitila suka hau, har gidan ya zama wurin ganawar jakadansu Ribbentrop da manyan Ingila a asirce. Wata rana Lord ya ba da umarni a sallami 'yan mata biyu masu aiki don kawai Yahudawa ne. Miss Kenton ta ce zalunci ne. Stevens ya kira su ya sallame su, ya ce bara ba ya musu da ubangidansa, alhali shi ma abin ya dame shi a zuci, bai kuwa faɗa mata ba sai bayan shekara guda. Tun kafin wannan, a lokacin babban taron 1923, mahaifinsa ya cika a wani ɗaki a saman bene, shi kuwa yana ƙasa yana zuba wa baƙi abin sha. Yaƙi na Biyu ya zo ya wuce, sunan Lord ya ɓaci, ya mutu cikin kunya. Shi Stevens da ya ba da dukan ƙuruciyarsa ga hidimar mutumin, sai ga shi yana musun ya taɓa yi masa aiki idan baƙi suka tambaya.

To, me ya sa irin wannan littafi, wanda babu harbi babu gudu a cikinsa, yake wucewa daga hannu zuwa hannu? Amsar tana cikin wani ɗan wuri a labarin. Miss Kenton ta shiga ɗakin Stevens ta tarar yana karatu, ta nemi ganin littafin, ya rungume shi a ƙirji ya ƙi. Ta matso ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga ashe labarin soyayya ne irin na kasuwa. Ya ce yana karanta shi ne don ya gyara Turancinsa. Nan ne suka fi kusantar juna a duk rayuwarsu, nan kuma ya rufe ƙofa.

Mai ba da aron wannan littafi yana yin abin da Stevens ya kasa ne, yana miƙa littafin da ke ƙirjinsa. Amma kuma da sauran halin Stevens a tare da shi, domin ya zaɓi takarda ta yi magana a madadinsa. Ɗa ba ya iya duban mahaifinsa da ya yi ritaya bayan shekaru na aikin gwamnati ya tambaye shi ko ya taɓa sa hannu a abin da zuciyarsa ta ƙi. Mata ba ta iya ce wa mijinta aiki ya cinye shi. Aboki ba ya son ce wa abokinsa shugaban da yake bi ido rufe zai kai shi ya baro. Sai a ce masa ga wani littafi mai daɗi, ya duba idan ya sami sarari.

Akwai masu sukar littafin da cewa ya yi wa Stevens sassauci, ya mai da laifin taya azzalumai aiki ya zama abin tausayi. Sukar ba ta rasa tushe, don kuwa 'yan matan nan biyu ba a sake jin inda suka ƙare ba. Lord ya sa a neme su daga baya, ba a same su ba. Sai dai wannan ɓacewar tasu ita ce hukuncin, kuma Ishiguro bai yi ƙoƙarin rufe ta ba. Abin da ya fi ci wa dattijon rai a ƙarshe, yana zaune a bakin teku a Weymouth da almuru, shi ne ubangidansa ko ba komai shi ya zaɓi kuskurensa da kansa, shi kuwa ko wannan bai samu ba, amana kawai ya bayar.

Majigin da aka yi da labarin a 1993, wanda Anthony Hopkins da Emma Thompson suka fito a ciki, ya sa an buga littafin da yawan gaske, shi ya sa ake samun tsofaffin kwafi da araha a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji. Wanda ya ci karo da ɗaya ya duba cikin bango. Wani lokaci akan tarar da suna da kwanan wata da rubutun hannu, ɗa zuwa ga uba, ko wata zuwa ga wani, ba tare da an ƙara kalma ko ɗaya ba.